Ladabi da Takun Saƙa Tsakanin Manyan Hafsoshin Sojan Najeriya

Aikin soja a kan biyayya ya ginu. Tun ranar da kurtu ya shiga makarantar horar da ƙananan sojoji ta Zariya, ko matashi ya samu gurbi a makarantar hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, abin da ake fara cusa masa shi ne umarnin na gaba ba abin muhawara ba ne. Dalilin haka a fili yake. A fagen daga babu lokacin jin ra'ayin kowa, kuma mutum ɗaya da ya ƙi tashi sa'ad da aka ce a tashi yana iya jawo asarar rayukan abokan aikinsa. Sai dai wannan biyayya tana da sharaɗin da ba a cika ambatonsa ba. Na ƙasa yana bin na sama ne bisa yardar cewa shi ma na saman akwai dokar da ke kansa, kuma ranar da ya ci amana zai amsa tambaya. A tarihin rundunar sojan ƙasa ta Najeriya wannan sharaɗi shi ne ya fi wuyar cikawa, domin sau da yawa idan hukunci ya hau kan babban hafsa, ɓangaren da yake a rikicin cikin gida ne ke yanke makomarsa fiye da nauyin abin da ya aikata.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke kula da ɗa'ar soja a yau ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga doka mai lamba 105 ta shekarar 1993. Ta lissafa laifuffukan da farar hula bai san da su ba: bore, ƙin bin umarni, nuna ragwanci a gaban abokan gaba, tserewa daga aiki, sakaci da makamai da kayan gwamnati. Akwai kuma wani laifi mai faɗin gaske, wato duk wani hali da zai ɓata tsari da ɗa'ar aiki, wanda kusan kowane kuskure ake iya cusawa a ƙarƙashinsa. Ƙananan laifuffuka kwamanda ne ke yanke hukuncinsu a ofishinsa. Manya kuwa sai an kafa kotun soja, ko dai babba mai shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ko ta musamman mai shugaba da mambobi aƙalla biyu, tare da lauyan da ke ba su shawara kan doka. Hukuncin da aka yanke wa hafsa ba ya tabbata sai Majalisar Sojan Ƙasa ta amince da shi, kuma ministan tsaro ne ke shugabantar wannan majalisa. Bayan nan tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka yanke wa hukunci damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har zuwa Kotun Ƙoli.

Akwai wata ƙa'ida a cikin dokar da ta fi shafar manya. Ba a yarda na ƙasa ya yi wa na sama shari'a ba, saboda haka shugaban kotun da mambobinta dole su kai wanda ake tuhuma muƙami ko su fi shi. Manufar ita ce kare martabar muƙami, amma tana da wani sakamako. Idan saje ne a gaban kotu, hafsoshin da za su iya yi masa shari'a ba sa ƙirguwa, kuma yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Idan manjo-janar ne, sai a duba cikin 'yan tsirarun mutane da suka shekara talatin suna aiki tare: abokan ajinsa, waɗanda ya taɓa taimaka wa, da waɗanda suka taɓa neman kujera ɗaya da shi. Bugu da ƙari, shugabannin rundunar ne ke da ikon kafa kotun da zaɓen mambobinta, su ne kuma ke da ikon yin shiru.

Gasar da ke tsakanin hafsoshi ba baƙon abu ba ce a kowace runduna ta duniya, domin tsarin aikin ne ke haifar da ita. Ana yaye hafsoshi aji-aji, kowane aji da lambar kwas ɗinsa, kuma wanda ya riga ka shiga ko da wata shida ne yana gaba da kai. Yayin da ake hawa sama gurabe suna raguwa, har a kai ga kujera ɗaya tilo, ta Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Al'adar rundunar Najeriya kuma ita ce idan shugaban ƙasa ya naɗa wani a wannan kujera, waɗanda suke gaba da shi sai su ajiye aiki, don kada babba ya sara wa ƙarami. Haka ta faru a 2021, bayan Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru ya rasu a haɗarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayu. Attahiru ɗan kwas na 35 ne, wanda ya gaje shi kuwa, Faruk Yahaya, ɗan kwas na 37, saboda haka janar-janar da dama da ke tsakani suka bar aiki ba tare da sun yi laifin komai ba. Wanda ya san naɗin abokin gasarsa yana nufin ƙarshen aikinsa, ba abin mamaki ba ne ya nemi uban gida a wajen bariki.

Shekarar da tsanin ya karye

Takun saƙa a saman rundunar ya girmi juyin mulki na farko. Lokacin da kwamandan ƙarshe Bature, Manjo-Janar Welby-Everard, zai tafi a 1965, birgediya huɗu ne ake kallo: Aguiyi-Ironsi, Samuel Ademulegun, Babafemi Ogundipe da Zakariya Maimalari. 'Yan siyasa suka shiga maganar, kowane ɓangare da nasa, daga ƙarshe gwamnatin Tafawa Balewa ta zaɓi Ironsi. Tun daga nan hafsoshi suka gane cewa ba cancanta kaɗai ke kai mutum sama ba.

A daren 15 ga Janairun 1966 wasu manjoji, a ƙarƙashin Chukwuma Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, suka kashe Firayim Minista Tafawa Balewa, da Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Akintola, da ministan kuɗi Okotie-Eboh. Abin da ya fi girgiza bariki shi ne kashe nasu shugabannin: Birgediya Maimalari, Birgediya Ademulegun, Kanar Kur Muhammad, Kanar Ralph Shodeinde, da laftanar-kanar uku, wato Abogo Largema, Yakubu Pam da Arthur Unegbe. Ifeajuna a ofishin Maimalari yake aiki, na hannun damansa ne a birged. Ke nan ba doka kaɗai aka karya ba, har da amanar da ke tsakanin kwamanda da yaronsa.

Ironsi ya murƙushe yunƙurin ya karɓi mulki, aka tsare waɗanda suka shirya shi. Amma a cikin wata shida da ya yi yana mulki ba a gurfanar da ko mutum ɗaya gaban kotun soja ba. Wannan jinkiri yana cikin manyan kurakuran da aka yi a tarihin rundunar. Ƙananan sojoji, waɗanda yawancinsu 'yan Arewa ne, suna gani ana horar da su a kan makara da rashin goge takalmi, alhali waɗanda suka harbe birgediya suna zaune babu shari'a. Da aka haɗa da dokar haɗe ƙasa mai lamba 34 ta watan Mayu, da ƙarin girman da aka yi wanda mafi yawan masu cin moriyarsa 'yan ƙabilar Ibo ne, sai zargi ya zama yaƙini a zukatansu. Ranar 29 ga Yuli suka ɗauki fansa. Aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan, aka kashe hafsoshi da sojoji 'yan Gabas masu yawa a barikokin Abeokuta, Ikeja da Kaduna. Wannan kisa shi ma ba a yi wa kowa shari'a a kansa ba.

A ƙa'ida Birgediya Ogundipe ne ya kamata ya karɓi ragama, amma ya ba da umarni sojoji suka ƙi bi, har ƙananan cikinsu. Ya bar ƙasar, daga baya ya zama jakada a Landan. Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, yana da shekara 31, ya zama shugaban ƙasa a kan mutanen da ke gaba da shi, irin su Kwamodo Wey na sojan ruwa da Kanar Robert Adebayo. Gwamnan Gabas, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ƙi amincewa da shi, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce an tsallake tsarin girma. Yaƙin basasa yana da dalilai da suka fi wannan nauyi, musamman kisan 'yan Gabas a garuruwan Arewa, amma rashin yardar hafsoshi biyu cewa ɗaya yana gaba da ɗaya ya sa sulhu ya yi wuya, har taron sulhu na Aburi na Janairun 1967 ya tashi a banza.

A lokacin yaƙin, runduna mai sojoji kusan 10,000 ta kumbura zuwa kusan 250,000. Kwamandojin manyan rundunoni uku, Muhammadu Shuwa, Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle, kowa yana yaƙinsa kamar ba tuta ɗaya suke bi ba. Suna gasar makamai, suna gasar wanda zai fara kama babban gari, hedkwata a Legas kuma takan ba da shawara ne fiye da umarni. A Oktoban 1967 Murtala ya nace sai ya tsallaka kogin Neja kai tsaye daga Asaba zuwa Anaca, duk da shawarar hedkwata ta saɓa wa haka, aka yi ta gwadawa ana asarar sojoji da kayan yaƙi. A wannan watan ne kuma sojojin rundunarsa suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba, babu babban hafsan da ya amsa tambaya. A 1968 kuwa an harbe wani laftana saboda ya kashe wani matashi ɗan Biyafara marar makami a gaban kyamarar 'yan jaridar waje. Sai a Mayun 1969 Gowon ya iya sauya kwamandojin rundunonin uku a lokaci guda, inda Olusegun Obasanjo ya maye gurbin Adekunle.

Kotu a hannun wanda ya yi nasara

Gwamnatin Murtala da ta kifar da Gowon ranar 29 ga Yulin 1975 ta zo da alƙawarin dawo da ɗa'a, kuma ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Kwamitin binciken dukiya ya samu gwamnoni 10 cikin 12 na zamanin Gowon da laifin almundahana, aka ƙwace kadarori, aka tuɓe wa masu kaki igiyoyinsu. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma ne kaɗai suka fita. Darasin bai daɗe ba, domin gwamnatin Babangida ta mayar wa wasu dukiyar da aka ƙwace.

Ƙarin girma ne ya sake kunna wuta. A Janairun 1976 Murtala ya zama cikakken janar, Obasanjo da Theophilus Ɗanjuma suka zama laftanar-janar. Kwamishinan tsaro, Manjo-Janar Iliya Bisalla, wanda a da yake gaba da Ɗanjuma, sai ya wayi gari a bayansa. Ga shirin rage yawan sojoji da ya tayar da hankalin matsakaitan hafsoshi. Ranar 13 ga Fabrairu Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka harbe Murtala a cunkoson motoci a Legas, aka kashe gwamnan Kwara Kanar Ibrahim Taiwo. Wannan karon ba a yi jinkirin 1966 ba, sai ma aka wuce gona da iri. Cikin wata guda, ranar 11 ga Maris, aka harbe mutum 32, har da Bisalla, wanda ya musanta zargin har zuwa ƙarshe. Ranar 15 ga Mayu aka harbe Dimka da wasu shida, cikinsu har da tsohon gwamnan Binuwai-Filato Joseph Gomwalk. Shari'ar a asirce aka yi ta, babu ɗaukaka ƙara, kuma an dogara ƙwarai da bayanin Dimka kansa. Yawancin waɗanda aka kashe 'yan yankin Filato ne da kewaye, abin da ya bar tabo a wannan yanki shekaru masu yawa. Gowon, wanda yake karatu a Ingila, an tuɓe masa muƙami ba tare da ya bayyana a kotu ba. Shagari ya yi masa afuwa a 1981, aka mayar masa da muƙaminsa a 1987.

Daga nan aka samu tsarin da ya yi shekara ashirin yana aiki. Wanda ya yi juyin mulki ya ci nasara ya zama shugaban ƙasa, wanda ya faɗi ya zama maci amanar ƙasa, alhali laifin iri ɗaya ne a takarda. Hafsoshin da suka haɗa kai suka kifar da Shagari ranar 31 ga Disamban 1983 su ne suka rabu gida biyu, har Babban Hafsan Sojan Ƙasa Ibrahim Babangida ya kifar da Muhammadu Buhari ranar 27 ga Agustan 1985. Wata huɗu bayan haka aka kama Manjo-Janar Mamman Vatsa, ministan Abuja, marubucin waƙoƙi, kuma abokin Babangida tun suna ɗalibai a kwalejin Bida. Zargin shi ne ya ba da kuɗi don shirya juyin mulki. Shi kuwa ya ce rance ne ya ba wani hafsa don noma. Chinua Achebe, Wole Soyinka da J. P. Clark sun je Barikin Dodan roƙon a yi sassauci, amma ranar 5 ga Maris ɗin 1986 aka harbe shi tare da wasu tara. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba a wannan yunƙuri da ake zargi. Yunƙurin Manjo Gideon Orkar na 22 ga Afrilun 1990 kuwa na gaske ne, an zubar da jini, an kuma ji shi a rediyo yana cewa ya cire jihohi biyar na Arewa daga Najeriya. Mutum 69 aka harbe a kansa, 42 a Yuli, 27 a Satumba.

Mulkin soja ya ɓata tsarin girma ta wata hanya da ba ta da ƙara kamar harbi. Laftanar-kanar da aka naɗa gwamna ya fi janar ɗin da ke bariki kuɗi da faɗa a ji, kuma kowa ya san ba jarrabawa ce ke kai mutum gidan gwamnati ba. Hafsoshi suka rabu zuwa yaran wane da yaran wane. Lokacin da Laftanar-Janar Salihu Ibrahim yake barin kujerar Babban Hafsan Sojan Ƙasa a 1993, ya bayyana rundunar da ya shugabanta a matsayin wadda komai ke iya faruwa a cikinta. A zamanin Sani Abacha abin ya kai ga janar-janar suna shakkar babban dogarinsa, Hamza Al-Mustapha, wanda manjo ne.

Shari'o'i biyu na wancan zamani sun nuna yadda kotun soja ta zama makami. A 1995 kotun Birgediya Patrick Aziza ta yanke wa Shehu Musa 'Yar'aduwa hukuncin kisa, Obasanjo kuma ɗaurin rai da rai, tare da Kanar Lawan Gwadabe da wasu hafsoshi da 'yan jarida, a kan juyin mulkin da mutane da yawa suka yi imanin ƙirƙirarsa aka yi. Matsin lambar ƙasashen waje ya sa aka sassauta, amma 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997. A wannan watan ne aka kama mataimakin Abacha kansa, Laftanar-Janar Oladipo Diya, da Manjo-Janar Abdulkarim Adisa da Tajudeen Olanrewaju. A gaban kotun Manjo-Janar Victor Malu a Jos, Diya ya ce tarko aka ɗana masa, ya tambayi dalilin da ya sa Babban Hafsan Sojan Ƙasa Ishaya Bamaiyi ba ya cikin waɗanda ake tuhuma. An yanke masa hukuncin kisa a Afrilun 1998, mutuwar Abacha ranar 8 ga Yuni ce ta cece shi.

Bayan komawa bariki

Da Obasanjo ya hau mulki a 1999 ya yi wa hafsoshi 93 da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya a lokaci guda. Matakin ya yi tasiri wajen raba kaki da kujerar mulki. Amma neman bahasi kan abin da ya wuce bai yi nisa ba. Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, da aka kafa don binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya saurari shaidu a bainar jama'a, manyan hafsoshi suka yi ta tona wa juna asiri a talabijin, sai dai Buhari, Babangida da Abdulsalami Abubakar sun ƙi bayyana a gabansa, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba.

Yaƙin Boko Haram ya dawo da tsohuwar tambayar da sabon salo. Ranar 14 ga Mayun 2014, a Barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo-Janar Ahmadu Muhammad, wuta, bayan an kawo gawarwakin abokan aikinsu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Cibok. A Satumba kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suka ce ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Harbin kwamanda bore ne, babu rundunar da za ta ƙyale shi. Amma a Yulin 2015, a bikin sallamarsa, Babban Hafsan Tsaro Alex Badeh ya faɗa da bakinsa cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da isassun kayan yaƙi. Wato hujjar da aka ƙi karɓa daga bakin kofur ita ce babban hafsa ya tabbatar bayan ya sauka. A Disamban 2015 aka mayar da hukuncin sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara 10.

A wannan shekarar ce gwamnatin Buhari ta kafa kwamitin binciken sayen makamai. Daga nan aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuƙi, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1, zargin da ya musanta. Ya yi shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka ba shi, aka sake shi a Disamban 2019 ba a kammala shari'ar ba. Badeh ma hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan kusan naira biliyan 4, amma 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Keffi zuwa Abuja ranar 18 ga Disamban 2018 kafin a yanke hukunci. Shari'ar ƙananan sojoji watanni ta ɗauka, ta manya kuwa shekaru suka shuɗe ba a ji ƙarshenta ba, kuma wannan jinkiri zalunci ne ga jama'a da kuma wanda ake zargi idan ba shi da laifi.

A Yunin 2016 aka yi wa hafsoshi 38 ritayar dole, cikinsu manjo-janar 9 da birgediya-janar 10, bisa zargin shiga siyasa a zaɓen 2015 da hannu a badaƙalar makamai. Da yawa daga cikinsu sun ce ba a taɓa tuhumarsu ko kiran su gaban wani kwamiti ba. Wasu sun kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suka yi nasara, aka ba da umarnin mayar da su aiki, rundunar kuma ta yi ta jan ƙafa. Ritayar dole ta fi kotun soja sauƙi ga shugabanni tunda ba ta buƙatar hujja, shi ya sa ake yawan zarginta da zama hanyar kawar da abokin gasa.

Duk da haka an ga janar-janar a gaban kotun soja a 'yan shekarun nan a kan laifuffukan da ba juyin mulki ba, kuma wannan canji ne na gaske. Birgediya-Janar Enitan Ransome-Kuti, kwamandan sansanin Baga lokacin da Boko Haram ta kama shi a Janairun 2015, an yanke masa ɗaurin wata shida da kora, daga baya Majalisar Sojan Ƙasa ta mayar da hukuncin zuwa rage muƙami. A Yulin 2019 sojoji biyar da aka sa rakiyar kuɗi daga Sakkwato suka gudu da su, rahotanni suka ce naira miliyan 400 ne. Kwamandan Runduna ta 8, Manjo-Janar Hakeem Otiki, ya gurfana gaban kotun da Laftanar-Janar Lamidi Adeosun ya shugabanta. Lauyoyinsa sun nemi Adeosun ya janye, suna cewa Otiki ya riga shi shiga NDA kuma akwai 'yar tsama a tsakaninsu, aka yi watsi da buƙatar. A 2020 aka rage masa muƙami aka kore shi. A 2023 kotun soja ta musamman ta yanke wa Manjo-Janar Umar Muhammad, tsohon shugaban kamfanin kadarorin rundunar, ɗaurin shekara 7, ta kuma umarce shi ya mayar da kuɗi da suka haɗa da fiye da dala miliyan 2.

Shari'ar Manjo-Janar Olusegun Adeniyi ta bambanta. Shi ne kwamandan yaƙin Lafiya Dole a Maris ɗin 2020, lokacin da wani bidiyo ya bazu a intanet yana bayani daga fagen daga cewa 'yan Boko Haram sun fi su ƙarfin wuta, bayanan sirrin da aka ba su kuma ba daidai ba ne. An cire shi daga muƙaminsa, kotun soja ta same shi da laifin saɓa ƙa'idar amfani da kafofin sada zumunta, ta rage masa shekara uku na girma. Rundunar tana da hujja, domin bayyana rauninka a inda abokin gaba zai gani haɗari ne. Amma jama'a ba su ji wanda aka tuhuma a kan abin da ya yi kuka da shi ba.

Inda neman bahasi ya fi rauni shi ne a kan rayukan fararen hula. Ba a gurfanar da babban hafsa ba a kan kisan da sojoji suka yi a Odi a 1999 ko a Zaki Biyam a 2001. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa kan rikicin soja da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015 ya ce an kashe fararen hula 348, ya ba da shawarar a hukunta masu hannu, shawarar ba ta kai ga shari'a ba. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu maulidi a Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne. Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar-Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya ba da haƙuri, abin da ba a saba gani ba. A Mayun 2024 hedkwatar tsaro ta sanar cewa hafsoshi biyu za su gurfana gaban kotun soja, ba tare da ta bayyana sunayensu ko ta fitar da rahoton binciken ga jama'a ba.